Fuskar Aro

Yamai, farkon damina

Zuwa ga taubashina Harisu mai fenti, a Dakoro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Haula da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu. Na san salula ba ta yi maka amfani tun da sanƙarau ya taɓa maka kunne, shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna na ba Alhusaini direba. Ka ga darajar da na yi maka, ko da yake ba ka cancanta ba.

Ga abin da ya sa. Ban da koyarwa a makarantar lise, ina cikin wata ƙungiya ta jikokin tsofaffin sojoji, waɗanda Faransa ta kwasa zuwa yaƙin Jamus. Ka tuna Idrisa, yayan kakata da kakanka, wanda aka tafi da shi bai dawo ba, ko hotonsa ba mu da shi. Mun samu ɗaki, bayan kaka za mu yi taron tunawa da su. Akwai tsofaffin zane-zane da Turawa suka yi a zamanin yaƙin, na asalin suna can ƙasarsu, mu sai ƙananan hotunansu. Aka ce a buga su da inji a manna a bango. Na ce ina, muna da mai hannu a gida.

Na farkon yana cikin ambulan. Soja ne baƙar fata, dogo, da jar hula, ya riƙe bindiga yana fitowa daga rami. Ka kwaikwaye shi a kan yadi mai kauri, tsayin mutum. Hoton ya ɗan yi duhu, abin da bai fito ba sai ka cika da idonka. In wannan ya yi kyau akwai na biyu. Kada ka yi mini irin zakin nan da kake zanawa a bayan manyan motoci, mai kama da kyanwar da ta ƙoshi.

Taka, Nuriyya.

*

Dakoro

Zuwa ga Madam Nuriyya, mai raina zakin mutane.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, an yi shuka, gero ya fito. Kunne yana nan yadda kika san shi, na hagu ya mutu, na dama sai an kwatsa. Ki gai da Baba, Allah ya ƙara sauƙi.

Aiki ya yi nisa. Amma hoton nan naki, "ya ɗan yi duhu" kika ce? Fuskar mutumin baƙin tabo ce kawai, ko ido ɗaya ban gani ba. Maigidana Na'Allah, wanda ya koya mini buroshi a Maraɗi, Allah ya ji ƙansa, yakan ce fuskar da ka ƙago daga kanka aljani take fitowa, je ka kasuwa ka aro. To, tun da kin ce in cika da idona, na aro.

Akwai wani Bafillace, Samba, mutanensu daga wajen Tagriss suke, rugarsu tana nan arewa da gari. Duk ranar kasuwa in ya sayar da awakinsa sai ya zo rumfata ya sha shayi. Muna shiri da shi ƙwarai, don shi ba ya son magana, ni kuma ba na ji. Dogo ne siriri, tsayinsa ɗaya da sojan naki. Na ce masa ya zauna in ari fuskarsa. Ya tambaye ni ko da zafi. Na ce babu, ya zauna yana ta dariya yana rufe baki da rawani.

Ni ka'idata, fuska nake fara yi yadda mutum ya zauna, da rawaninsa da komai, sannan hannu da abin da ya riƙe. Tufafi su ne na ƙarshe. Yanzu fuska ta gamu, bindiga ta gamu, saura hula da kwat, don jan fenti ya ƙare mini sai Alhusaini ya sayo daga Maraɗi. Warin fenti yana sa wa Haula ciwon kai, sai na jingina shi waje a bakin hanya ya sha iska. Samari sai tsayawa suke suna ɗaukarsa da salula. Ko ke in kin gani sai kin yi sallama da shi.

Naki, Harisu.

*

Yamai

Harisu,

Lafiya muke, ina fata ku ma haka. Na karanta takardarka na yi ta dariya ni kaɗai har ƴata ta leƙo. Ni fa takalma da hayaƙin sama nake nufi da na ce ka cika, ba fuskar bawan Allah ba. Amma ba laifi, gara ya zama mutum sosai. Ka gai da Samba, ka ce masa zai zo Yamai ba tare da ya biya mota ba.

Su samari bar su su ɗauka, talla ce suke yi maka kyauta. Gobe in an fara kiranka daga Zinder da Tawa kada ka manta wa ta fito da kai. Ka hanzarta da hular.

Nuriyya.

*

Dakoro

Nuriyya,

Sallama. Jikinmu lafiya. Takardarki mai dariya ta same ni a ranar da ba ni da bakin dariya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

An kai hari wani ƙauye bayan Kornaka. Ɓarayi da bindigogi suka kore shanu, suka kashe wani dattijo da ya fito. Ba a kama kowa ba. Sai ga hoton zanena yana yawo a salula, an yanke ƙasan, an bar fuskar Samba da rawaninsa da bindiga. An rubuta a ƙarƙashi: "Ga ɗaya daga cikinsu, kasuwar Dakoro yake ci." Haula ce ta gano a bakin famfo, ta dawo ko tulun ba ta cika ba.

Za ki ce ai kowa ya ga zane ne. Sun gani. Abin da ke ba ki sani ba, ni kuma na sani na manta, shi ne yadda garin nan yake karanta aikina. Shekara da shekaru duk wanda na zana, da abin hannunsa nake zana shi. Bubakar mahauci da wuƙarsa a ƙofar rumfarsa, tela da kekensa, Alhusaini da motarsa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce in zana shi da kayan wani. Saboda haka mutane suka ce Samba ne ya zo da bindigarsa don alfahari, ya biya ni na zana shi.

Na ɗauki ɗan hoton naki na bi majalisa-majalisa ina nunawa. Sai su duba su ce wannan ai ba fuska, me ya haɗa shi da Samba? Wani ya matso kunnena ya ce ruwa ba ya tsami banza. Na je wurin jandarma da ƙafata. Kwamandan ya saurare ni, ya gane, ya ce zai aika wa masu gari, kuma Samba ya zo ya zauna wurinsu har ƙura ta lafa. To wa zai gaya wa Samba? Tun da labari ya kai ruga ya shiga daji, ba wanda ya san inda yake. Samarin ƙauyen can kuwa an ce suna yawo da babura da sanduna suna tambayar hanyar rugar.

Jiya da hantsi uwarsa Inna Zalika ta zo. Na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi, ta zauna a ƙasa gaban zanen, don na riga na shigo da shi zaure. Ta daɗe tana kallonsa. Ta yi magana ban ji ba, sai Haula ta maimaita mini a kunne. Cewa ta yi: "Ɗana sanda gare shi. Wa ya ba shi wannan?" Na ce ni ne, Inna. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni.

Nuriyya, tsoro nake ji. In suka same shi kafin jandarma, kashe shi za su yi, kuma da hannuna na nuna musu shi. Ki gaya mini abin da zan yi.

Harisu.

*

Yamai

Ɗan'uwana Harisu,

Allah ya sa wannan ta same ku da rai da lafiya. Ni ba ni da lafiyar kirki, abinci ba ya shiga.

Hoton ya riga takardarka isowa. A rukunin salula na malaman makarantarmu na gan shi, wata abokiyar aikina ta turo tana cewa a yi hattara. Na gane hannunka tun kafin in karanta rubutun. Na nemi Alhusaini aka ce ruwa ya yanke hanya, motarsa tana can ta maƙale. Na kira lambar Haula ba ta shiga. Sai shekaranjiya takardarka ta zo, duk ta jiƙe, kuma ban san abin da ya faru tun daga ranar da ka rubuta ta ba.

Na jera tsohon hoton da naka gefe da gefe, na yi bayani da Hausa da Faransanci, na tura ko'ina. Ƴan ƙungiyarmu sun tura. Amma wallahi ina gani da idona, na ƙaryar yana gudu, nawa yana rarrafe. Wani ma cewa ya yi nawa aka biya ni in wanke ɓarawo.

Ka ƙone zanen. Ka fito da shi ka zuba masa kananzir, ni na ce, taron ma a fasa. Ni na rubuta maka ka cika da idonka ban faɗi abin da nake nufi ba, ni kuma na ce ka bar samari su ɗauka. Ina zaune a Yamai ina wasa da abin da ban san zurfinsa ba. Ka rufe rumfa, kada ka zauna ka ba hanya baya, ka san ba za ka ji tahowar kowa ba.

Samba yana da rai? Ko layi ɗaya ne ka rubuto ka ba duk motar da ta taso.

Nuriyya.

*

Dakoro

Nuriyya,

Sallama. Muna da rai. Ki yi haƙuri da shirun, hanya sai yanzu ta buɗe. Salular Haula kuwa ita ta kashe ta, don zagi ake bugowa.

Sun je rugar. Ba su sami Samba ba, suka ƙone bukkoki suka watsa awaki. Inna Zalika da matarsa da yaransa suna gidanmu, a ɗakin Haula suke kwana. Wani makiyayi ya ce ya ga Samba a wata rijiya can arewa, yana da rai, amma ba ya yarda kowa ya matso shi.

Ban ƙone ba. Na ɗauko ashana ma, Haula ta riƙe hannuna. Ta ce in ka ƙone, gobe za a ce mai fenti ya ɓoye shaida, kuma na cikin salula ba ya cin wuta. Gaskiyarta. Na zauna na yi ta tunani. Mutanen nan ba su yarda da bakina ba, ba su yarda da takardarki ba. Abin da suka yarda da shi tun farko hannuna ne, to bari hannun ya yi musu magana.

Ranar kasuwa na ɗora zanen a amalanke, da gwangwanayen fenti, har da jan da Alhusaini ya kawo. Na ari madubi wurin mai aski. Na kafa shi a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, wurin da mutanen ƙauyuka suka fi taruwa. Kafin in buɗe gwangwani an kewaye ni. Na ga wasu samari da ban sani ba, da sanduna, sun kafe ni da ido.

Dole in ba su baya in fuskanci yadin. Wannan shi ne abin da ya fi komai wuya. Ba na jin komai sai wani gunji a kunnen dama. Ina shafa farin fenti a fuskar Samba, ƙeyata tana jiran sanda. Gumi ya cika mini ido. Ina jiran farin ya bushe ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya gudu zan yi.

Da ya bushe na rataye madubin a gefe, na fara zana fuskata. Ban yi wa kaina gata ba, har giɓin haƙorina da sanƙon da kike yi mini tsiya a kansa na sa. Ina cikin yin hanci na ji an dafa ni. Ashe Bubakar mahauci ne, dariya ta ci ƙarfinsa. Ya sa baki a kunnena ya ce: "Kai Harisu, kai da bindiga? Kai da ko kaza sai ka kawo mini yanka?" Na juya, na ga rabin kara suna dariya. Samarin nan ba su yi dariya ba, amma sandunan sun sauka ƙasa.

Na ɗora masa jar hula, na sa masa kwat da maɓallai, na yi ramin da hayaƙin. Wani tsoho daga Sabon Maci ya ratso da sandarsa ya tsaya, ya ce ubansa yana da irin wannan hula a akwati, da ita ya dawo daga yaƙin Nasara. Ya fara ba su labari, aka koma wurinsa. Ni dai na ɗaga murya, ban san iyakar ƙarfinta ba, na ce ga shi nan, aro ne, jiya fuskar Samba yau tawa, gobe in kuna so ta ɗayanku. Na ce ku ɗauka da salula yadda kuka ɗauki na farko, ku tura inda kuka tura shi. Sun ɗauka.

Ban sani ba ko zai kai inda Samba yake. Inna Zalika ta ba wani mai raƙumi saƙo. Muna jira.

Harisu.

*

Yamai

Harisu,

Ina gaishe ku, ina gai da Inna Zalika ko da ba ta san ni ba. Na yi kuka da na karanta abin da ka yi, sannan na ji kamar in zo in mare ka.

Sabon hoton ya iso nan. Wasu sun turo shi cikakke, da kai a tsaye da buroshi, da jama'a suna dariya, wannan ya yi amfani ƙwarai. Amma akwai wanda ya sake yankewa. An cire hular, an bar fuskarka da bindiga, an rubuta: "Ga wanda ke sayo musu makamai." Na gan shi a rukuni biyu.

A Dakoro kowa ya san ka. A tashar Maraɗi ba wanda ya san ka, haka duk garuruwan da ke kan hanya. Da na so ka zo taron ka tsaya kusa da aikinka a tafa maka. Yanzu ina roƙonka don Allah kada ka hau mota, kada ka fita gari ko da ɗaurin aure ne. Ka sani kuwa haka za ta faru kafin ka ɗauki madubin nan?

Nuriyya.

*

Dakoro, kaka ta kusa

Taubashiyata Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gero ya yi kai, yara sun fara cin tumu. Ki gai da Baba.

Kin tambaye ni ko na sani. Na yi zato. Amma bindigar nan dole wani ya riƙe ta, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni ina da Bubakar da rabin gari da za su ce ƙarya ne. Samba ba shi da kowa sai tsohuwa da awaki.

Ya dawo. Ranar Laraba da la'asar na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin rumfa, ya rame har rawanin ya yi masa yawa, ƙafafunsa duk sun tsage. Ya wuce ni ya shiga zaure, ya tsaya gaban zanen ya daɗe. Sannan ya sunkuyo kunnena ya ce: "Tawa ta fi kyau."

Na raka shi wurin jandarma, aka rubuta abin da aka rubuta. An tattaro masa wasu awakin, wasu sun tafi ke nan. Sun sake kafa bukkoki kusa da gari. Har yanzu akwai masu ganinsa su kau da kai, akwai kuma waɗanda suka zo ba shi hannu suna kallon ƙasa. Shayina kuwa ya ce zai ci gaba da sha, amma in na ƙara kallonsa da buroshi a hannu zai karya shi.

Ni ba na fita gari, kamar yadda kika ce. Ranar kasuwa ce matsala, don baƙi suna shigowa daga ko'ina, wani ya tsaya ya dubi salularsa ya dube ni. Haula ta ce in rufe rumfa, to mu ci me? Sai Samba ya ce tun da na taɓa aron fuskarsa, bari ya ara mini kunne. Yanzu in ya gama ciniki sai ya zo ya zauna a bayana yana fuskantar hanya, ni ina fuskantar aiki. In mai kawo aiki ne, ya taɓa kafaɗata sau ɗaya. In bai yarda da mutum ba ya taɓa sau biyu, in tashi in shige gida ban waiwaya ba. Makon jiya ya taɓa sau biyu. Na shige, ban tambaye shi ko su wane ne ba, shi ma bai faɗa ba.

Zanen yana wurin Alhusaini, na naɗe shi cikin buhu, a kiyaye shi da ruwa. Ki rataye shi. In ana son suna a ƙarƙashi ki sa Idrisa, ai jininsa ne a fuskar, ko da giɓi. Na biyun da kika ce, ki aiko. In fuskokin ba su fito ba, haka zan bar su baƙin tabo, maigidana Na'Allah ya yafe mini.

Yau ma kasuwa ce. A kan gwiwa nake rubuta miki wannan, Samba yana bayana, ina jin ɗumin hannunsa kusa da kafaɗata. Tun safe dai sau ɗaya-ɗaya yake taɓa ni.

Allah ya sada mu da alheri.

Naki, Harisu.